Kafin Ka Hau Mimbari: Yadda Mai Hidima Zai Gina Halinsa

A shekarata ta uku da shiga hidima na yi wani wa'azi a kan haƙuri. Mako biyu na yi ina shirya shi, kuma ya ratsa jama'a. Da aka tashi sujada wata tsohuwa ta kama hannuna da hannayenta biyu tana ta sa mini albarka, har sai da 'yarta ta janye ta. Na koma gida zuciyata fari ƙal. Ban gama cire takalmi ba na hangi ɗanmu na fari, lokacin bai wuce shekara huɗu ba, zaune a ƙasa da jan biro, ya zane shafi biyu na Littafi Mai Tsarkin da nake karatu da shi tun ina makaranta. Na daka masa wata irin tsawa, yaron ya miƙe tsaye jikinsa na ɓari, fitsari na bin ƙafarsa. Matata ba ta ce uffan ba. Ta ɗauke shi ta wanke, ta goya shi har ya yi barci. Sai da dare ya yi, ta zauna a bakin gado, ta ce, "Maigida, haƙurin da ka koyar da safe, jama'a sun samu rabonsu. Mu na cikin gida, yaushe namu zai iso?"

Na kasa ba ta amsa. A daren nan na fara gane cewa bakina ya riga halina girma, kuma tazarar da ke tsakanin su biyun ita ce ramin da masu hidima suke faɗawa. Abin da zan faɗa a nan na koye shi ne tun daga ranar, yawancinsa a hannun waɗanda suka fi ni. Ina magana da kai mai shirin zama fasto ko mai bishara, da ke 'yar'uwa da aka ba ki shugabancin zumuntar mata ko ajin makarantar Lahadi, da mai jagorar mawaƙa, da duk wanda aka ɗora wa rayukan mutane a wuya.

Abu na farko, ka raba baiwa da hali a cikin tunaninka, domin jama'a ba za su raba maka ba. In ka iya magana za su ce Ruhu yana tare da kai, in muryarka ta sa su kuka za su ce ka manyanta. Dubi ikilisiyar Koranti. A farkon wasiƙarsa ta fari Bulus ya shaide su cewa ba su rasa kowace irin baiwa ba, amma da ya kai sura ta 3 sai ya kira su jarirai masu shan nono, saboda kishi da jayayyar da ke tsakaninsu. Mutane ɗaya ne, wasiƙa ɗaya ce. Ashe mutum yana iya yin annabci da safe, da yamma ya ƙi gaishe da ɗan'uwansa. Baiwa kyauta ce, ana iya ba ka ita rana ɗaya. Hali kuwa sai an yi shekaru ana ginawa, tubali bisa tubali.

Ga aikin da nake ba duk matashin da ya zo mini da maganar kira. Ka ɗauki takarda, ka buɗe 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9, ka kwafe sharuɗɗan mai kula da ikilisiya da hannunka, kowane a layinsa. A na Timoti kaɗai za ka sami kusan 15. Ka ƙidaya nawa ne suka shafi gwanintar mimbari. Ɗaya ne tak: ya iya koyarwa. Sauran duk zaman yau da kullum ne. Ya zama marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamunkai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, mai kyakkyawar shaida a bakin waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Bayan ka kwafe, kada ka ba kanka maki. Ka miƙa takardar ga mutum uku: wanda kuke kwana a gida ɗaya, wanda yake aiki a ƙarƙashinka, da wani maƙwabci ko abokin harka wanda ba addininku ɗaya ba in zai yarda. Ka roƙi kowa ya sa alama a kan layi biyu da ya ga ka fi rauni. In sun miƙo maka, ka yi godiya, ka rufe bakinka. Lokacin da na yi nawa, biyu daga cikin ukun sun sa alama a layi ɗaya, saurin fushi, ni kuwa a raina girman kai nake zaton za su taɓa.

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne. Karin maganar tana da gaskiyarta, domin hali ba ya gogewa da ruwan wa'azi ɗaya. Amma Kirista ba zai tsaya a nan ba. Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wuta, shi ne ya tsaya gaban majalisar Yahudawa ya ƙi yin shiru. Markus ya gudu ya bar su Bulus a Bamfiliya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, amma a wasiƙarsa ta ƙarshe Bulus ya ce wa Timoti ya taho da Markus, gama yana da amfani a gare shi a hidima. Abubuwa tara da aka lissafa a Galatiyawa 5:22-23, daga ƙauna har zuwa kamunkai, Ruhu ne yake haifar da su, kuma 'ya'yan itace ba sa nuna a ranar da aka dasa. Naka shi ne ka sa kanka inda Ruhu yake aiki, ka zauna a wurin. Bulus ya gaya wa Timoti ya hori kansa ga ibada kamar yadda ɗan tsere yake horon jikinsa. Horo kuwa yana da lokaci da tsari, ba sai ranar da ka ji sha'awa ba.

Kada ka yi gaggawar neman keɓewa, wato a naɗa ka a hidima. Bulus ya hana a naɗa sabon tuba don kada ya kumbura, ya kuma ce dikinoni ma a gwada su tukuna. Majalisar Nikiya, babban taron shugabannin ikilisiya na shekarar 325, ta maimaita wannan a dokarta ta biyu, domin ta ga ana ɗaukar mutum daga ruwan baftisma a kai shi kujerar shugabanci. Agustin, babban malamin ikilisiya na dā, da jama'ar garin Hippo a Arewacin Afirka suka matsa aka naɗa shi a shekarar 391, kuka ya yi, sa'an nan ya rubuta wa bishof ɗinsa yana roƙon a ba shi lokaci ya zauna da Nassi kafin ya kama aiki. Mutum ne mai ilimi da iya magana fiye da yawancinmu, amma tsoro ya ji. In an ba ka jera kujeru, ko ziyarar marar lafiyar da ba wanda yake zuwa wurinsa, ka riƙe shi da hannu biyu. Mutum bakwai ɗin nan na Ayyukan Manzanni 6, rabon tallafin gwauraye aka zaɓe su yi, duk da haka sai da aka nemi masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima.

Sai maganar zamanka da Allah a ɓoye. Cutar da ke kama mai wa'azi ita ce ya mayar da Littafi Mai Tsarki rumbun kayan aiki. Duk ayar da ya karanta, wani yake gani a ciki, yana cewa wannan ta dace da wane. Maganin da na samu mai sauƙi ne. Ka ware karatun ranka daga karatun shirin wa'azi, lokaci dabam, littafin rubutu dabam, kuma ka yi wa kanka doka cewa abin da ka rubuta a na ranka ba zai hau mimbari ba sai ya yi aƙalla wata uku yana aiki a kanka. Ka bi tsari, don kada ka riƙa komawa surorin da kake so kaɗai. Robert Murray M'Cheyne, wani fasto a Dundee ta ƙasar Sikotilan, ya tsara wa jama'arsa jadawali a 1842, kusan sura huɗu a rana, wanda yake kai mutum ƙarshen Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu a shekara. Ya rasu a 1843 yana da shekara 29, amma har yau ana bin jadawalin. In sura huɗu ta yi maka yawa ka raba shi shekara biyu. A ƙarshen kowane karatu ka rubuta layi ɗaya: me wannan ya ce in daina, ko in fara, yau? Addu'a kuma, ka auna wadda kake yi kai kaɗai da wadda kake yi a gaban jama'a. In ta gaban jama'a ta fi tsawo da zafi, akwai gyara. Wayarka kuma ta kwana a wani ɗaki, kada ita ce ta fara yi maka magana da asuba.

Yanzu na zo ga abin da na fi so ka riƙe, domin shi ne ya fi wuya. Wanzami ba ya son jarfa. Mu da aikinmu shi ne gyara mutane, mu ne muka fi kowa ƙin a gyara mu. Kuma yadda hidimarka take girma, haka masu iya duban idonka su faɗa maka gaskiya suke raguwa, har wata rana ka waiwaya ka ga ba kowa sai masu cewa "haka ne, Fasto". Dauda sarki ne, mawaƙi, shafaffe, amma ya yi watanni yana zaune a kan zunubinsa har sai da annabi Natan ya shigo ya ce masa shi ne mai laifin. Kada ka jira Allah ya aiko maka Natan bayan ɓarna ta auku. Ka je ka nemo shi tun yanzu.

Ga yadda za ka zaɓe shi. Ya zama jinsinku ɗaya. Ya zama wanda ba ya cin albashi a hannunka, ba ya kuma neman wani matsayi ta wurinka. Ya zama mai riƙe asiri, amma wanda ka san in ta kama zai kai maganarka gaban dattawa, kuma ka ba shi wannan izini da bakinka tun ranar farko. Ku sa rana, ko sau biyu a wata, ku riƙe ta kamar ranar sujada. Kada zaman ya koma hirar matsalolin membobi. John Wesley, mai wa'azin nan na ƙasar Ingila, ya tsara wa ƙananan ƙungiyoyinsa tambayoyi a 1738, waɗanda suke yi wa juna kowane mako: wane zunubi ka san ka yi tun haɗuwarmu ta baya, wace jaraba ta same ka, yaya aka kuɓutar da kai, me ka yi ko ka faɗa wanda kake shakka ko zunubi ne. Ban ga abin da zan rage a cikinsu ba. Nawa mai tambayar wani dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa. Yana da wata tambaya tasa da yake ajiyewa sai ƙarshe, bayan na gama bayani na fara tattara takarduna. Sai ya cire tabarau ya ce, "To ɗana, me ka tsallake?" Sau da yawa a nan ne ainihin zaman yake farawa.

In aka yi maka gyara, ko daga bakin wanda ba ka so, ko da muguwar murya, kada ka amsa a ranar. Ka ce ka ji, za ka yi tunani. Ka kwana da ita, ka tace, ka nemi ko da kashi ɗaya cikin goma na gaskiya a ciki. In ka yi laifi ka nemi gafara daidai girman wurin da ka yi laifin: na ɗaki a ɗaki, na taron dattawa a taron dattawa, na mimbari a mimbari. Kuma ka kira laifin da sunansa. "In na ɓata wa wani rai" ba neman gafara ba ne. Washegarin ranar jan biron nan na durƙusa har idona ya yi daidai da na yarona, na ce, "Abin da na yi maka jiya ba daidai ba ne, ka yafe mini." Bai gane duka ba, amma uwarsa tana tsaye a bakin ƙofa, ta gane.

Kuɗi kuma, kada ka dogara ga zuciyarka, ka kafa shinge. Na san abin da nake faɗa. Wata shekara 'yarmu ta kwanta a asibiti, hannuna ba komai, baikon ranar Lahadi kuma, wato kuɗin da jama'a suka bayar a sujada, yana cikin aljihun teburina domin ma'aji ya yi tafiya. Na ɗebi wani abu, na ce aro ne, ƙarshen wata zan mayar. Ma'ajin ya dawo kafin ƙarshen wata. Tsoho ne mai sanyin magana. Ya ƙidaya sau biyu, ya rufe littafinsa, ya zo ofis ya rufe ƙofa ya ce, "Fasto, da ka faɗa mana, da mun ba ka ninkinsa ba bashi ba. Yanzu ka sa ni a tsaka mai wuya, ko in rubuta ƙarya, ko in tona maka asiri." Na ce, "Baba, kada ka yi ko ɗaya, ni zan faɗa." Na faɗa wa dattawa da bakina a makon, na biya, suka yafe mini. Amma ban manta yadda kalmar "aro" ta zo mini da sauƙi ba. Gehazi, baran annabi Elisha, shi ma ai labari mai daɗin ji ya shirya wa Na'aman da aka warkar daga kuturta, wai baƙi biyu ne daga cikin 'ya'yan annabawa suka iso, ya karɓo talanti biyu na azurfa da riguna biyu, ya ƙare da kuturta.

Tun daga lokacin ga dokokina. Ba na taɓa baiko, ba na ƙidaya shi, ba ya kwana a wurina. Mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙidaya, su sa hannu. Ba na cire kuɗin ikilisiya da sa hannuna ni kaɗai. Ana karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a a kan lokaci, ko ba wanda ya tambaya. Ba na cin bashi a hannun memba, domin ranar da zai bukaci tsawatawa harshena zai yi nauyi. Babbar kyauta kuma, dattawa su san da ita. In kana ganin wannan rashin yarda ne da bawan Allah, karanta 2 Korantiyawa 8:18-21. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. Ya tafi da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma.

A 1948, a garin Modesto na jihar Kalifoniya ta Amurka, mai bishara Billy Graham yana wajen shekara 30, ya zauna da abokan aikinsa uku suka lissafa abubuwan da suke kayar da masu bishara. Huɗu suka fitar: kuɗi, lalata, sukar fastoci da ikilisiyoyin garin da aka je, da ƙara gishiri a yawan waɗanda suka halarci taro. Suka yi wa juna alkawari a kan kowane. Abin lura, tun suna matasa suka yi shi, kafin sunansu ya cika duniya. Na huɗun nan mun raina shi, alhali shi ne ƙaryar da ta fi yawa a bakinmu. In mutum 40 suka zo, ka rubuta 40. Game da lalata kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuma yawanci daga tausayi take farawa. Shawara da wadda ba matarka ba, a yi ta inda ido yake gani, da rana, in ta yi tsawo a haɗa ta da wata dattijuwa mai hankali. Saƙon da ba za ka so abokin aurenka ya karanta ba, kada ka tura shi.

Ka riƙa auna kanka da abubuwan da ba sa ƙarya. Ranar da mataimakinka ya yi wa'azin da ya fi naka, jama'a suna ta yabonsa a gabanka, me ya motsa a cikinka? Yahaya Mai Baftisma, da aka kawo masa labari cewa kowa yana komawa wurin Yesu, murna ya yi. Diyotarifis kuwa, abin da aka rubuta a kansa a 3 Yahaya shi ne yana son zama na gaba, har yana korar mutane daga ikilisiya. Yaushe rabon da ka ce "ban sani ba" a gaban aji? Za ka iya hutun mako biyu ba tare da ka yi ta kira kana bincike ba? Gajiya ma tana cin hali. Yawancin maganganun da na yi nadamarsu, a gajiye na faɗe su. Yetro, surukin Musa, ya gaya masa ya raba aikin shari'anta jama'a tun kafin ya ƙone, Yesu kuma ya janye almajiransa gefe su huta. Ka sa ranar hutu guda a mako, jama'a su san ta, iyalinka su mallake ta.

Kada kuma ka ɗauka akwai shekarar da ake gamawa. Musa, wanda aka shaida ya fi kowa tawali'u a zamaninsa, wajen ƙarshen shekara 40 na jeji ne fushi ya kwashe shi a Meriba, ya bugi dutse sau biyu maimakon ya yi masa magana, ƙasar alkawari kuma sai hangen ta ya yi daga kan dutse. In kuwa ka riga ka faɗi, faɗuwa mai girma, ka je wurin dattawa kafin labari ya riga ka, ka sauka daga mimbari da kanka. Gafarar Allah tana samuwa a ranar da ka tuba. Amincewar mutane kuwa sai a hankali take dawowa, kuma ba kai ne za ka yanke ranar komawarka ba.

Ku kuma dattawa masu zaɓe, nauyin nan har da ku. Bulus ya ce kada a yi garajen ɗora wa kowa hannu. Kafin ku keɓe mutum, kada ku tsaya ga wa'azin gwaji da takardar makaranta. Ku aiki mata biyu masu hankali su zauna da matarsa ba ya nan. Ku tambayi inda ya yi aiki a baya yadda ya bar wurin. Ku bincika ko akwai mai binsa bashi da yake ɓuya masa. Mun taɓa jinkirta keɓe wani matashi shekara guda saboda yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana, alhali a cikin tsararsa ba mai kama ƙafarsa a wa'azi. Ya yi fushi, ya yi wata biyu ba ya gaishe ni. A wata na uku ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis, ya zauna, ya ce, "Baba, takardar nan ta Timoti da ka ce a ba mutum uku, na kawo. Mama ce ta fara cikawa."